Wanda ya ɗauki nauyin karatun yaro, ya kai shi gaci

Dokar ilimin bai-ɗaya da aka kafa a Najeriya a 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a kan kowane yaro. Haka abin yake a takarda. Amma duk magidancin da ke da ’ya’ya a makarantar gwamnati a Tudun Gwandara ko Bukan Sidi cikin garin Lafiya, ko can Shabu da Kwandere, ya san cewa Satumba watan lissafi ne. Akwai kayan makaranta da takalmi, akwai littattafan rubutu, akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da na jarrabawa, ga kuɗin tara da na abin hawa da ake nema kowace safiya. Sannan akwai wani kuɗin da ba ya shiga rasit, wato abin da yarinya za ta kawo gida da talla ta fita, da aikin da yaro zai yi a gona lokacin yankan riɗi ko haƙar doya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya ƙara nauyi, kuma a gidan da ake fafutukar abin da za a ɗora a murhu, makaranta ce take fara sauka daga jerin buƙatu. A wannan giɓi ne masu ɗaukar nauyin karatun yara suke shigowa: attajirai, ’yan siyasa, masallatai, coci-coci, ƙungiyoyin gida da na waje. Niyyarsu ba ita ce abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne wane irin ɗaukar nauyi ne yake canza rayuwar yaro, wane ne kuma yake ƙarewa ranar da aka yi bikin rabo.

Al’adar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Riƙon ɗan ’yar’uwa ko ɗan ƙane, a ci da shi, a tufatar da shi, a sa shi makaranta har a yi masa aure, abu ne da kowane gida ya sani. Almajiri yana da uwar ɗakinsa da ke ajiye masa tuwo, kula da maraya yana da babban matsayi a Musulunci, kuma makarantun mishan sun ilmantar da ’ya’yan talakawa masu yawa a wannan yanki tun yana cikin tsohuwar jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Nasarawa a ranar 1 ga Oktoban 1996. Abin da ya zo daga waje shi ne tsarin da mutum zai zauna a Landan ko Amurka yana biyan wani abu duk wata domin yaro guda da bai taɓa gani ba, ana aiko masa da hotonsa da wasiƙarsa. Ƙungiyar da a yau ake kira Plan International da haka ta fara a 1937, domin yaran da yaƙin basasar Sifaniya ya ɗaiɗaita. Compassion International ta faro a 1952 da marayun yaƙin Koriya. Tsarin ya tara kuɗi mai yawa domin fuskar yaro guda ta fi taɓa zuciya a kan alƙaluma, amma ya sha suka. A 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta keɓe fitowa guda tana roƙon masu karatunta su daina irin wannan taimako, bisa hujjar cewa yana cinye kuɗi wajen hotuna da wasiƙu da fassara, yana raba kan yaran gida ɗaya, yana kuma koya wa yaro kallon kansa a matsayin abin tausayi. Da yawa daga cikin manyan ƙungiyoyin sun ji wannan suka, suka koma zuba kuɗin a ayyukan gari baki ɗaya, ko da yake har yanzu da sunan yaro guda ake karɓarsa.

An daɗe ana wannan muhawara ba tare da ƙwaƙƙwarar shaida ba, sai a 2013 da wasu masana tattalin arziki uku, Bruce Wydick da Paul Glewwe da Laine Rutledge, suka buga sakamakon binciken da suka yi a ƙasashe shida: Bolibiya, Gwatamala, Indiya, Kenya, Filifin da Yuganda. Sun tattara bayanan mutum fiye da 10,000, suka kwatanta waɗanda Compassion ta ɗauki nauyinsu suna yara da yayyensu da shekarunsu suka wuce ƙa’idar shiga shirin. Suka tarar waɗanda aka ɗauka sun ƙara tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a makaranta, kuma cikin kowane ɗari an samu ƙarin 12 zuwa 18 da suka kammala sakandare. Ba da ƙuri’a aka zaɓi yaran ba, saboda haka dole a karanta alƙaluman da taka-tsantsan. Amma abin da ya fi muhimmanci a cikin binciken shi ne irin ɗaukar da aka yi musu. Matsakaicin yaro ya yi kusan shekara 9 a cikin shirin, kuma bayan kuɗin makaranta da magani, yana shafe aƙalla awa takwas a kowane mako tare da manyan da ke duba karatunsa da halinsa. Ke nan abin da aka auna shi ne tasirin doguwar kulawa, kuɗi kuwa wani ɓangare ne kawai a cikinta.

Bincike biyu daga Afirka sun ƙara fito da wannan fili, kuma su da ƙuri’a aka yi su, wanda ya sa hujjarsu ta fi ƙarfi. A yankin Busiya na yammacin Kenya an raba wa ’yan firamare kayan makaranta kyauta ta hanyar ƙuri’a. A shekarar farko fashin zuwa makaranta ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda suka samu. Da David Evans da Muthoni Ngatia suka koma bayan shekara takwas, ba su ga wani bambanci ba a ajin da yaran suka tsaya ko yawan waɗanda suka gama firamare. Amfanin ya tafi tare da rigar. A Gana kuwa, a 2008, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun samo ɗalibai 2,064 da suka ci jarrabawar shiga babbar sakandare amma rashin kuɗi ya zaunar da su a gida. Aka yi ƙuri’a, 682 suka samu tallafin da ya biya musu kuɗin makaranta har su gama. An bi sawunsu fiye da shekara goma. Cikin kowane ɗari an samu ƙarin kusan 27 da suka kammala sakandare, ’yan matan sun jinkirta haihuwa, an samu ƙarin waɗanda suka wuce gaba da sakandare, kuma da aka dawo aka duba ’ya’yan da suka haifa, mace-macen ƙananan yara ya ragu ƙwarai a cikinsu. Duflo da Kremer suna cikin mutum ukun da suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan salon bincike. Idan aka jera sakamakon nan uku, hukunci guda suke bayarwa: taimakon da ya tsaya a kaya na lokaci ɗaya yana da amfani na lokaci ɗaya, wanda kuma ya tari yaro a inda zai faɗi, ya riƙe shi har ya tsallake, shi ne yake bin sa har gidan aurensa.

To, mu auna abin da muka saba yi da wannan ma’auni. Abin da aka fi gani a Lafiya, kamar sauran biranen Arewa, shi ne rabon jaka da littattafai a farkon zango, da kuma biya wa ’yan ajin ƙarshe kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB. Ban raina ko ɗaya ba, domin akwai ɗaliban da kuɗin jarrabawa kaɗai ya hana su takardar shaida bayan shekara goma sha biyu ta wahala, kuma wanda ya biya musu ya yi babban aiki. Sai dai wanda ya kai aji shida na sakandare ya riga ya tsallake ramuka mafiya haɗari. Yaran da muke asara ba sa kaiwa nan. Suna zubewa tsakanin firamare da ƙaramar sakandare, musamman a ƙauyukan da sakandaren take da nisan da sai an hau babur, sannan su sake zubewa bayan aji uku, inda kariyar dokar 2004 take ƙarewa, kuɗin makaranta ya ƙaru, maganar aure ta taso wa yarinya, shi kuma yaro ya ga sa’o’insa sun fara samun na kashewa a acaba ko wurin haƙar ma’adinai. Ga kuma yaran da rikici ya raba da garuruwansu, tun daga na Assakio a 2013 har zuwa na manoma da makiyaya da ya tayar da ƙauyuka a Awe, Keana, Obi da Doma a 2018. Yaron da ya yi zango biyu ko uku a gudun hijira, da wuya ya koma aji idan babu wanda ya kama hannunsa. Waɗannan su ne suka fi buƙatar mai ɗaukar nauyi, kuma su ne ba a gani a wurin bikin rabo, domin ana yin bikin ne a harabar makarantar da suka riga suka bari.

Za a ce zaɓen yaro guda a cikin aji mai mutum saba’in ko tamanin rashin adalci ne, yana kuma haifar da hassada tsakanin ’yan uwa da maƙwabta. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma amsarta ita ce a raba taimakon gida biyu. Abin da yake da tsada kuma ya shafi mutum ɗaya, irin kuɗin babbar sakandare, na kwana, na jarrabawa, ba makawa sai an zaɓa, domin kuɗin ba zai ishi kowa ba. Abin da ake bukata a nan shi ne a yi zaɓen a fili, da sharuɗɗan da kowa ya sani, idan waɗanda suka cancanta sun fi guraben yawa a yi ƙuri’a a gaban iyaye. Mutane suna haƙura da rashin sa’a, abin da ba sa haƙura da shi shi ne a ce ɗan wane aka ɗauka. Amma abin da ya shafi ƙoshin jiki da walwalar yara, wato ruwan sha, banɗaki, maganin tsutsar ciki, audugar mata ga ’yan mata, da abin karin kumallo, wannan ba a zaɓe a cikinsa, na makaranta ne gaba ɗaya. Jihar Nasarawa tana da shaidar kanta a kan haka. Shekara da shekaru Cibiyar Carter tare da ma’aikatun lafiya suna raba magani gari-gari ga kowa da kowa, ba tare da tambayar ɗan wa ne ba, har aka sanar a 2017 cewa an kawar da cutar tundurmi a matsayin barazana ga jama’a a jihohin Filato da Nasarawa. Da irin wannan hanya ake kai wa yara ’yan makaranta maganin tsargiya. Da mutum-mutum aka riƙa zaɓa, da har yau ana fama.

Ciyarwa a makaranta kuwa ta koya mana darasi na daban, kuma shi ne dai darasin ɗorewa. Nasarawa tana cikin jihohin da aka gwada shirin ciyar da ’yan firamare a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da Gwamna Abdullahi Adamu. A yawancin jihohin shirin bai yi nisa ba, Osun ce aka sani da riƙe nata. A 2016 gwamnatin tarayya ta dawo da shi ga ’yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a rana, kuɗin da hauhawar farashi ta cinye tun kafin a ƙara shi, sannan a watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama’a. Duk malamin firamare zai gaya maka cewa ranar da ake dafa abinci aji yana cika. Zai kuma gaya maka abin da ke faruwa idan tukunya ta daina zuwa. Iyayen da aka yi wa alkawari sau biyu aka saɓa, a karo na uku ba za su hana yarinya talla saboda alkawari ba, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Akwai masu cewa duk wannan aikin gwamnati ne, kuma duk wanda ya ɗauki nauyin yaro yana sauke wa hukuma nauyin da doka ta ɗora mata. Rabin maganar gaskiya ne. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, jiha kuma sai ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC, tana kokawa cewa biliyoyin naira suna zaune ba a ɗauka ba saboda jihohi da dama ba su cika wannan sharaɗi ba. Babu attajirin da zai iya biyan albashin malaman jiha ko gina ajujuwanta, kuma idan hukuma ta sa kanta tana iyawa, kamar yadda aka gani a makarantar yara masu buƙata ta musamman da Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya gina a Lafiya, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Fabrairun 2018. Amma yarinyar da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare a bana ba za ta iya jiran ranar da gwamnati za ta gyaru ba. Shekararta ta sha biyar sau ɗaya take zuwa. Sannan a aikace, wanda ya zuba kuɗinsa a kan ɗalibi a wata makaranta shi ne yake fara tambayar me ya sa babu malamin lissafi, me ya sa rufin aji yake yoyo. Makarantun gwamnati sun lalace ne a daidai lokacin da masu faɗa a ji suka kwashe ’ya’yansu daga cikinsu. Ɗaukar nauyin yaro a can yana dawo da idon mai iya magana cikin harabar, kuma wannan ido yana daga cikin abin da makarantun suka fi rasa.

Suka mafi nauyi a ganina ita ce ta masu cewa me amfanin tura yaro makarantar da ba a koyon komai. Babban binciken gidaje na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya ’yan shekara 7 zuwa 14 suke iya karatu na matakin tushe, masu iya lissafin tushe kuwa kusan ɗaya ne cikin huɗu. Wanda ya biya kuɗi ya juya baya, yana iya wayar gari bayan shekara shida da yaron da ke riƙe da takarda amma ba ya iya karanta ta. Wannan ba dalilin janye hannu ba ne, dalili ne na komawa ga abin da binciken 2013 ya nuna, cewa awannin da babba yake zama da yaro suna cikin taimakon. A Lafiya ba a rasa masu yin wannan ba. Ga ɗaliban Jami’ar Tarayya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga ’yan bautar ƙasa, ga malaman da suka yi ritaya suna zaune a unguwa. Ɗan alawus kaɗan zai sa ɗayansu ya zauna da yara goma da yamma sau uku a mako, ya duba littattafansu, ya je gida idan an ga yaro ya yi fashi. Duk asusun ɗaukar nauyin da bai ware wa wannan kaso ba, ya bar mafi amfanin aikin. Masu cewa ko an gama karatun babu aiki kuma, binciken Gana bai ɓoye cewa samun aiki bai zo wa kowa ba. Amma ya nuna ribar da ba ta jiran takardar ɗaukar aiki: uwar da ta yi sakandare ’ya’yanta sun fi rayuwa.

Sai batun mutunci, wanda a nan ne taimako yake iya komawa cuta. Yaron da aka tsayar a gaban jama’a aka kira shi maraya ta lasifika, aka ɗauki hotonsa yana karɓar jaka aka watsa a Facebook, an karɓi wani abu daga hannunsa a madadin abin da aka ba shi, kuma ba a nemi yardarsa ba. Gori yana ɓata alheri a addini da al’ada, kuma yara suna jin sa fiye da yadda manya suke zato. A gari irin Lafiya, inda Bare-bari, Alago, Eggon, Gwandara, Migili, Tibi, Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya, Musulmi da Kirista kuma wani lokaci suke fitowa daga gida ɗaya, akwai ƙarin abin lura, wato zargin cewa ana amfani da taimako domin jan yara zuwa wani addini. Ba a nan kaɗai ake wannan zargi ba. A 2017 Compassion ta rufe ayyukanta a Indiya bayan gwamnatin ƙasar ta toshe mata hanyar shigo da kuɗi a kan irin wannan tuhuma. Maganin zargi shi ne a bar yaro a hannun iyayensa ko danginsa, a makarantar da suka yarda da ita, kuma kwamitin zaɓe ya ƙunshi mutanen ɓangarorin biyu. Barista Zannah Mustapha ya nuna cewa ana iya wuce wannan ma. Makarantar Future Prowess da ya buɗe a Maiduguri a 2007 da yara 36 ta zaunar da ’ya’yan waɗanda Boko Haram ta kashe da ’ya’yan mayaƙan ƙungiyar a aji ɗaya, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Haka nan almajirai. A 2020, lokacin annobar korona, Nasarawa ta mayar da ɗaruruwansu jihohinsu kamar yadda sauran jihohin Arewa suka yi, amma tsangayu ba su tashi ba. Wanda ya zauna da alaramma, ya ɗauki nauyin cin yaran da malamin da zai koya musu boko da safe ko da yamma, ya fi kusa da gyara a kan wanda ya loda su a mota.

Abin da ya rage shi ne amana da ɗorewar kuɗi, kuma a nan ne yawancin kyawawan niyyoyi suke mutuwa. Mai ɗaukar nauyi yana iya rasuwa, kasuwa tana iya juya masa, ɗan siyasa yana iya faɗuwa zaɓe, kuma a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, abin da ya ishi yara goma bara ba zai ishi takwas ba bana. Yaron da aka ɗaga masa buri sannan aka sake shi a aji biyar ya fi wanda ba a taɓa ɗauka ba jin ciwo. Shi ya sa ya fi kyau mutum ya ɗauki yara uku ya ware kuɗin shekarunsu gaba ɗaya tun ranar farko, a kan ya sanar da talatin ya gaza a shekara ta biyu. Hanyoyin ɗorewa kuma muna da su. Waƙafi, inda za a tsayar da shago ko gida ko gona kuɗin hayarsa ya riƙa tafiya karatun yara, tsari ne da Musulunci ya daɗe da shi, Sakkwato da Zamfara ma suna da hukumomin da ke kula da shi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, irin ta Kwalejin Gwamnati ta Keffi, suna da mutane da suna da za su riƙe asusu. Ƙungiyar CAMFED da ta fara da ’yan mata 32 a Zimbabuwe a 1993, a yau waɗanda ta ilmantar su ne suke ɗaukar nauyin na bayansu daga aljihunsu. Sharuɗɗan ba su da wuya: a biya kuɗi kai tsaye a asusun makaranta a karɓi rasit, kada sa hannun mutum ɗaya ya isa fitar da kuɗi, a karanta lissafi a gaban iyaye da kwamitin kula da makaranta duk ƙarshen zango, a kuma riƙa ƙirga nasara da yawan waɗanda suka kammala.

Kira na ga ’yan kasuwar Lafiya, da ma’aikata, da ’yan asalin jihar da ke Abuja da ƙasashen waje, da limamai da fastoci, da Masarautar Lafiya ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Sidi Bage Muhammad, wanda kalmarsa za ta iya haɗa waɗannan duka a tebur ɗaya. Kafin zangon karatu mai zuwa, kowace unguwa ta je wurin shugaban ƙaramar sakandaren da ke kusa da ita, ta karɓi sunayen ɗaliban da suka gama aji uku amma ba su koma ba. A bi su gida-gida, a ji dalili, a lissafa abin da shekara uku za ta ci wa kowannensu. Wanda ya ga zai iya, ya ɗauki ɗaya, ya sa hannu cewa ba zai sake shi ba sai ya karɓi sakamakon jarrabawarsa ta ƙarshe.